Horo da Yunwa: Idan An Yanke wa Talaka Tallafi, Wa Ake Hukuntawa?

Duk majalisar da aka tayar da zancen kuɗin tallafi, daga Limawa zuwa Garu a Dutse har kasuwar Shuwarin, ba a rasa mai cewa: "Ai irin wannan ba su ɗin ne yake kashe musu zuciya." Wani ya kada baki ya ce a tsayar da kuɗin ma, ko sa tashi su nema. Galibin masu wannan magana ba mugaye ba ne. Mutane ne da suka sha rana a gona ko a bakin shago, suna ganin kowa ma haka ya kamata ya sha. Amma irin maganar ce take zama hujja ranar da aka goge sunan wata tsohuwa daga takarda, ko aka tsayar da biya wata da watanni, ba wanda ya ce uffan.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata a ƙananan hukumomi 27 na jihar, don makaho da gurgu da kuturu su samu abin da zai raba su da bara. Mu tuna, a lokacin mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 5,500 ne. Ke nan an ɗauki naƙasasshe a matsayin ɗan jiha mai haƙƙi a baitulmali, ba almajirin da ake jefa wa canji ba. Yau mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kwanon gero ya nuna wa kowa yadda ƙaramin kuɗi yake narkewa a hannu. Tun kafin nan ma, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna cikin talauci. A jihar da talaka ya kai wannan yawa, da wuya a ce lalaci ne ya tara su.

To, shin gaskiya ne tallafi yana mayar da mutum cima-zaune? An gwada, kuma a nan gida. Tsakanin 2013 da 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun gudanar da shirin tallafa wa mata masu juna biyu a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara. Ana ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da wayar mata da kai kan shayarwa da abincin yara. Ba a ce sai ta yi kaza za a ba ta ba. Da masu bincike suka kwatanta ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba, sai suka tarar tsumburewar yara ta ragu, kuma matan da suka karɓa sun fi shiga sana'a, sun fi mallakar dabbobi. Kuɗin ya zama jari: wata ta sayi akuya, wata ta kama ƙuli-ƙuli.

Ba a Jigawa kaɗai aka ga haka ba. Wani nazari na Bankin Duniya a 2014 ya tattara sakamakon shirye-shirye irin wannan daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, bai ga cewa kuɗin yana ƙara sayen giya ko taba ba. Abhijit Banerjee, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, shi da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje a ƙasashe shida, ba su ga shaidar cewa masu karɓa sun rage aiki ba.

Duk da haka ana yankewa, kuma hanyoyin sanannu ne. Akwai ta siyasa: an ga mutum a taron wata jam'iyya, ko ɗansa ya soki wani babba a Facebook, sai a ce "ba namu ba ne", suna ya ɓace. Akwai ta takarda: sunan da ke kan NIN bai yi daidai da na BVN ba, an rubuta Hauwa a nan, Hauwa'u a can, ko layin waya ya ɓata. Wanda bai iya karatu ba, ba shi da kuɗin motar zuwa banki, shi wannan tarko ya fi kamawa, kuma shi ne ainihin wanda aka yi shirin dominsa. Sannan akwai ta badaƙalar manya. A watan Janairun 2024, bayan zargin karkatar da kuɗi da ya sa aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar tallafi ta ƙasa gaba ɗaya, da farko na mako shida: N-Power, da kuɗin gidajen talakawa, da rancen ƙananan 'yan kasuwa, da ciyar da 'yan firamare. Bincike wajibi ne. Amma ana zargin manya a Abuja, tukunyar da ta sauka ta yaron firamare ce.

Mai son ganin yadda yankewa take, ya tsaya kusa da rumfar mai POS a ƙarshen wata. Ga dattijuwa nan, ta kwance ƙaramar wayarta daga bakin zane ta miƙa. "Ɗan nan, duba min ko ya shigo." Ya latsa, ya girgiza kai: "Iya, bai shigo ba, sai dai ki sake leƙowa." Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure wayar ta juya. A gida akwai jikoki, akwai bashin kwano biyu na masara da mai shago ya ba ta bisa alkawarin wannan kuɗi, akwai maganin hawan jini da ya ƙare. Ba a gaya mata laifinta ba, ba ta san ofishin da za ta kai kuka ba. Wannan wata za a rage awo, babban jikan ya bar makaranta ya bi talla, ko a koma baran da aka ce ana yaƙi da shi.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. A 2012 Birtaniya ta tsaurara dokar tallafin marasa aiki, ta yadda za a iya tsayar wa mutum kuɗi har shekara uku idan ya yi ta saɓa sharuɗɗa, makara wajen ganawa da jami'i ma tana iya jawo yanka na makonni. Masu bincike a Jami'ar Oxford suka gano cewa inda yanka ya ƙaru, masu zuwa karɓar abincin sadaka ma sun ƙaru. A 2016 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya ce ma'aikatar ba ta da isasshiyar shaida kan amfanin hukuncin, kuma yawansa ya bambanta daga ofishi zuwa ofishi. A 2019 aka rage mafi tsawon hukuncin zuwa wata shida.

Mu kuwa muna da darasin da ya girmi wannan. Sayyidina Abubakar (RA) yana ɗauke da nauyin wani ɗan'uwansa matalauci, Misɗahu ɗan Usasa. Da aka yi wa Nana A'isha (RA) ƙazafi, Misɗahu yana cikin waɗanda suka yaɗa zancen. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana hana masu wadata irin wannan rantsuwa, tana kiran su ga afuwa, nan take ya mayar masa da abin da yake ba shi. Laifin ba ƙarami ba ne, kuma an yi wa Misɗahu haddi a kansa. Amma an raba hukuncin laifi da abincin bakinsa, alhali dukiyar ta Abubakar ce ta kansa. Ina ga kuɗin al'umma da jami'i yake riƙe da su amana?

Wannan ba yana nufin a bar rajista sakaka ba. Akwai sunayen bogi, akwai matattun da ake karɓa da sunansu, akwai masu hali da aka cusa don dangantaka. Cire waɗannan adalci ne, domin kowane ɗayansu ya tare gurbin mabuƙaci. Cire wanda bai cancanta ba daban, horar da wanda ya cancanta da yunwa daban. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a bayyana sharuɗɗa da Hausa a rediyo da ƙofar mai unguwa; kafin a cire mutum a sanar da shi dalili, a ji ta bakinsa; a samar da wurin kai koke a matakin mazaɓa; idan aka gano kuskure a biya shi watannin da ya rasa; idan jami'i ya ci, shi za a kama, biya ya ci gaba. Masu unguwanni da limamai da kwamitin zakka na masarautar Dutse sun san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, shaidarsu ta fi ta ɗan siyasa nauyi.

Saura namu, mu maƙwabta. Jami'i yana samun ƙarfin goge suna ne idan ya san unguwa za ta ce "da ma maula ce". Idan ya san dattawan Limawa za su zo ofishinsa su tambaye shi dalili a rubuce, zai yi tunani kafin ya ɗauki biro.