Tausar Karen Farauta

A ƙasar Daudawa, wadda aka sani da noman auduga tun zamanin Turawa, idan an gama girbi, hunturu ya kankama, mafarauta kan shiga daji da karnukansu. Kuma duk wanda ya taɓa ganin dawowarsu ya san yadda tsohon kare ke bin bayan ayari yana ɗingishi, washegari kuma ya miƙe da ƙyar, ƙafafun baya sun sage, sai ya yi 'yan taku kafin jiki ya saki.

Wasu na ƙyamar taɓa shi, alhali a mazhabar Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne, littafin Risala ya halatta ajiye shi domin gona da kiwo da farautar neman abinci, hadisi kuma ya inganta game da mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ta yi maka hidima shekara da shekaru tana da haƙƙi a kanka ranar da gaɓoɓinta suka gaji.

Daga cikin wannan haƙƙi akwai tausa. Hikimarta kuwa ita ce, idan gaɓa ta yi ciwo sai naman da ke kewaye da ita ya ɗaure, kare ya jingina nauyinsa a kan sauran ƙafafun, musamman na gaba, waɗanda da ma su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, har su ma su gaji. Sai a kwantar da shi a gefensa, a shafa da tafin hannu daga wuya zuwa kafaɗa zuwa cinya, sannan a riƙa murza naman a hankali da yatsu, ba tare da danna ƙashi ba, kamar minti 10, domin jini ya gudana. In ya janye ƙafa ko ya yi gurnani, a dakata, don ciwo kan sa kare ya ciji ubangidansa.

Amma tausa ba ɗori ba ce. Inda akwai karaya, ko rauni, ko kumburi mai zafi, illa za ta ƙara. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kamar na asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kada kuma a jefa masa ibuprofen cikin tuwo da niyyar tausayi, domin yana ƙwarzane masa ciki, ya lalata ƙoda.