Tarihin Yunƙurin Kiyaye Muhalli da Darussan da Ke Cikinsa ga Manomi

Gabatarwa

Ya kai mai karatu, ko manomi ne kai ko malamin gona, babu shakka ka sha jin ana kira a dasa itatuwa, a daina ƙona daji, a kuma yi hattara da maganin ƙwari. Mutane da dama na ɗaukar wannan kira a matsayin dokar gwamnati kawai, ko wata al'ada da aka shigo da ita daga waje. Amma kowace ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari tana da asali, kuma mafi yawansu sai da aka yi asarar gonaki, dabbobi da rayuka kafin a gane su. Manufar wannan bayani ita ce a kawo maka tarihin yunƙurin kiyaye muhalli a taƙaice, domin ka san dalilin abin da ake neman ka aikata, ka kuma iya bayyana shi ga wasu.

Abin da magabata suka riga suka sani

Kiyaye albarkatun ƙasa ya girmi dokokin zamani. A shari'ar Musulunci akwai tsarin keɓe makiyaya domin amfanin jama'a, da keɓe hurumi a kewayen rijiya da bakin kogi. A ƙasar Hausa an san burtali da makiyaya da kurmin da ba a sara. Manomi ba ya sare gawo, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya ko kuka idan yana sassabe, domin ya san amfaninsu. An ruwaito cewa a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun sanya hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Haka nan manoman karkarar Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba, saboda takin da suke ɗaukowa daga birni a kan jakuna da kashin dabbobin da suke tarawa a gida. Abin da zamani ya ƙara shi ne bincike, rubutacciyar doka da hukumomi.

Mafarin yunƙurin a Amurka

A ƙarni na 19 masana'antu da jiragen ƙasa sun haɓaka a Turai da Amurka, aka yi ta sare dazuzzuka da karkashe namun daji ba ƙaƙƙautawa. Wannan ɓarna ce ta sa a shekarar 1872 Amurka ta keɓe yankin Yellowstone, wanda ake ɗauka shi ne gandun daji na ƙasa na farko a duniya.

Tun daga farko ra'ayi ya kasu gida biyu. John Muir, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892, yana ganin a bar daji yadda Allah ya halicce shi. Shi kuwa Gifford Pinchot, shugaban farko na hukumar kula da dazuzzukan Amurka da aka kafa a 1905, yana ganin a ci moriyar daji amma bisa ƙa'ida, yadda ba zai ƙare ba. Har yau waɗannan ra'ayoyi biyu suna nan. Ra'ayi na biyu ne ya fi kusa da aikinka, domin manomi ba zai iya barin gonarsa ba, sai dai ya noma ta ta hanyar da za ta ɗore.

Guguwar ƙura da farkon aikin kiyaye ƙasar noma

Babban darasi ga manoma ya zo ne a shekarun 1930. A filayen tsakiyar Amurka, musamman jihohin Oklahoma, Kansas, Texas da Kolorado, ciyawa ce mai dogayen saiwoyi ta rufe ƙasa tun asali. Da farashin alkama ya tashi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tarakta ta wadata, sai manoma suka kaftu miliyoyin kadada, suka kawar da ciyawar. Shekarun farko an sami ruwa, an kuma sami amfani. Da fari ya sauka a farkon shekarun 1930, alkama ta bushe, ƙasa ta zauna tsirara, iska kuma ta shiga kwashe ta.

A watan Mayu na 1934 ƙurar ta kai har biranen New York da Washinton, masu nisan fiye da kilomita 2,000. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, aka yi guguwar da ta mayar da rana kamar dare. Dabbobi suka mutu, yara da tsofaffi suka kamu da ciwon huhu, dubban iyalai suka bar gonakinsu suka yi ƙaura.

Tun a 1928 wani masanin ƙasa mai suna Hugh Hammond Bennett ya yi gargaɗi a rubuce cewa zaizayar ƙasa barazana ce ga ƙasar baki ɗaya. Ranar 27 ga Afrilu, 1935, aka sanya hannu a dokar da ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma, aka ba shi shugabancinta. Hanyoyin da hukumar ta koyar su ne waɗanda malaman gona ke koyarwa a yau: yin kunya a gicciye da gangare, barin karmami da tushiya a gona bayan girbi, sauya amfanin gona daga shekara zuwa shekara, da dasa layukan itatuwa masu tare iska. Tsakanin 1934 da 1942 an dasa itatuwa kimanin miliyan 220 domin wannan manufa. Abin lura kuma shi ne, daga 1937 aka fara kafa gundumomin kiyaye ƙasa waɗanda manoma da kansu ke tafiyarwa, domin an gane cewa umurni daga ofis kaɗai ba ya gyara gona. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Zamanin mulkin mallaka a Nijeriya

Turawan mulkin mallaka sun fara keɓe gandayen daji a Nijeriya tun farkon ƙarni na 20, kuma a 1916 aka yi dokar kare namun daji. A 1935 wani masanin dazuzzuka ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa hamadar Sahara na gurgusowa zuwa Arewacin Nijeriya. Saboda haka aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa wanda ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami hujjar cewa rairayin Sahara na tafowa gaba ɗaya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban, gwargwadon yadda mutanen wurin ke amfani da ita. Wannan batu yana da muhimmanci: sau da yawa abin da muke kira kwararowar hamada daga cikin gona yake farawa.

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1979 aka kafa gandun daji na ƙasa na Tafkin Kainji. Sai dai tsarin gandun daji ya zo da illa guda. Da yake doka ta sanya itatuwa a ƙarƙashin hukuma, manomi ya koma kallon ma'aikacin gandun daji a matsayin mai kamu da cin tara. Wanda bai da tabbacin itace nasa ne kuwa, ba zai wahala wajen renonsa ba.

Maganin ƙwari da farkawar duniya

A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano cewa sinadarin DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1948. An yi amfani da shi sosai wajen yaƙi da sauro da ƙwarin gona. Matsalarsa ita ce ba ya saurin ruɓewa. Yana taruwa a kitsen jikin dabba, kuma idan ƙaramar halitta ta ci, babba ta cinye ta, gubar sai ta yi ta ƙaruwa. A 1962 Rachel Carson ta wallafa littafinta mai suna Silent Spring, inda ta bayyana yadda feshi barkatai ke kashe tsuntsaye, kifi da ƙwari masu amfani. Ba ta ce a daina amfani da magani gaba ɗaya ba, ta nemi a yi amfani da shi da sani. Amurka ta kafa hukumar kare muhalli a 1970, ta kuma hana amfani da DDT a gona a 1972.

A watan Yuni na 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na farko kan muhalli a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin. Daga nan aka kafa hukumar muhalli ta Majalisar mai hedikwata a Nairobi, aka kuma ware 5 ga Yuni a matsayin Ranar Muhalli ta Duniya. A 2001 aka ƙulla yarjejeniyar Istokholm kan gubobi masu daɗewa, wadda ta haramta irin su aldrin da dieldrin, ta kuma taƙaita DDT ga yaƙi da cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro. A 2009 aka ƙara lindane a jerin, wato sinadarin da ke cikin Gammalin 20, wanda wasu ke zubawa a kogi don kama kifi. Wannan batu ya shafi aljihunka kai tsaye, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Fari, hamada da dokokin Nijeriya

Farin da ya addabi yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974, wanda ya yi tsanani a Arewacin Nijeriya a 1972 da 1973, ya hallaka dabbobi masu yawa. Shi ya jawo taron Nairobi kan kwararowar hamada a 1977. A shekarar ce kuma Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a Kenya, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2004. Bayan taron ƙoli na Rio de Janeiro a 1992, an amince da yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada ranar 17 ga Yuni, 1994, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 1997.

A cikin gida, abin da ya zaburar da gwamnati shi ne gano shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu, a 1988. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a 2007. A 2007 ɗin ne kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa daga Senegal zuwa Jibuti. A Nijeriya shirin ya shafi jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara.

Darasin Maraɗi

Shirye-shiryen dashe da dama ba su yi nasara ba, domin fari, awaki da rashin mai kula suna kashe dashen tun yana ƙarami. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu suka riga suka yi nisa a ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Ana kiran wannan hanya sassabin zamani. Da manoma suka tabbatar cewa su ne za su ci amfanin itatuwan, sai ta yaɗu daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200.

Abin da ya kamata ka aikata

1. Kada ka bar gonarka tsirara da rani. Bar wani kaso na kara da karmami a kanta, kuma kada ka ƙona su.

2. Lokacin sharar gona, zaɓi kututturan itatuwa masu amfani, ka bar reshe 1 zuwa 5 masu ƙarfi a kowanne, ka datse sauran da makami mai kaifi. Ba gawo fifiko, domin yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa dawa da gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

3. A gona mai gangare yi kunya a gicciye. Idan zaizaya ta fara cin rami, tare ta da duwatsu ko ciyawar jema tun tana ƙarama.

4. Dasa layin itatuwa ta gefen da iska ke fitowa. Layi mai kyau na kare fili mai nisan kimanin ninki 10 na tsawon itatuwan.

5. Sayi maganin ƙwari mai lambar rajistar hukumar NAFDAC kawai, ka bi ma'aunin da aka rubuta, ka kiyaye kwanakin jira kafin girbi. Ajiye wake a buhu mai hana iska shiga maimakon barbaɗa masa guba.

6. Kai kuma malamin gona, fara da tambayar manoma abin da suka gada, ka haɗa su cikin ƙungiya, ka sanya mai unguwa, dagaci da makiyaya cikin shawara, domin a amince da wanda ya mallaki itace da inda dabbobi za su bi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa doka da taron ƙasashe suna da amfani, amma inda aka sami nasara mai ɗorewa shi ne inda manomi ya fahimci dalili, ya kuma ga riba a gonarsa. Ƙasar saman gona, wadda iska ko ruwa kan iya kwashewa a damina ɗaya, tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta sake samuwa. Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani kan irin itatuwa da hanyoyin da suka dace da yankinka, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarku.