Daga Sanyinna Zuwa Kaulaha A Mota: Abubuwan Dubawa Kafin A Ɗaura Kaya

Da zarar watan Safar ya kama, a Sanyinna da Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwanmu na Arewa, akan fara jin maganar haɗa kuɗin mota domin ziyarar Madina Baye da ke Kaulaha a ƙasar Senegal, inda Shehu Ibrahim Inyass ya zauna ya karantar, kuma inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1975. Ziyarar ta fi cika a lokacin Maulidi. A 2025 Maulidi ya faɗo a makon farko na Satumba, a 2026 a makon ƙarshe na Agusta, a 2027 kuma tsakiyar Agusta, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Ke nan shekaru da yawa masu zuwa tafiyar za ta riƙa haɗuwa da dogon hutun makarantu da kuma tsakiyar damina. Hutun yana kwaɗaitar da magidanci ya ɗauki iyali da ɗalibai, damina kuwa tana ƙara wa hanya wuya.

A ƙasashen Turai masu irin wannan doguwar tafiya suna da mota mai ɗakin kwana da madafa a cikinta. Tamu motar bas ce mai ɗaukar mutum 18, an ɗaure mata tabarmi da jarkoki da buhun garin kwaki a bisa. Sai dai nisan da take ci bai gaza nasu ba. Daga Tambuwal a bi ta Aliero da Jega zuwa Birnin Kebbi, a gangara Kamba, a tsallaka Gaya a Jamhuriyar Nijar, a wuce Dosso zuwa Yamai. Daga nan sai Wagadugu da Bobo-Julaso a Burkina Faso, sai Sikaso da Bamako da Kayes a Mali, a shiga Senegal ta Kidira, a ratsa Tambakunda kafin a isa Kaulaha. Tafiya ce ta kusan kilomita 3,000, da iyakoki huɗu a zuwa, huɗu a dawowa.

Amincin hanya shi ne farko

Kafin lissafin kuɗin mai, tambayar da ta kamata mu fara yi ita ce: hanyar tana da aminci a bana? Malaman mazhabar Malikiyya sun sanya aminci a kan rai da dukiya cikin ma'anar ikon da ke wajabta aikin Hajji. Idan rukunin Musulunci na biyar yana jiran hanya ta yi kyau, ziyarar da ba farilla ba ta fi cancantar jira.

Hanyar da iyayenmu suka sani ta sauya. Titin da ya tashi daga Yamai ta Torodi zuwa Kancari da Fada Ngurma ya ratsa yankunan da suka fi fama da hare-haren 'yan bindiga a Nijar da Burkina Faso. A Mali kuma, daga Satumban 2025 ƙungiyar JNIM ta shiga tare hanyoyin Kayes da Sikaso tana ƙona tankokin mai, har ƙarancin man ya sa gwamnati ta rufe makarantun ƙasar na mako biyu a ƙarshen Oktoba. Waɗannan su ne ainihin titunan da motar maziyarta za ta taka.

Iyakoki ma suna iya rufewa mutum yana tsakiyar tafiya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, an rufe iyakar Nijeriya da Nijar, ba a buɗe ta ba sai a Maris na 2024. Mutanen Kamba da Illela ba su manta da motocin da suka yi watanni a tsaye ba. Don haka labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce ba ya isa hujja. A nemi direban da ya dawo cikin makonnin nan, a kira 'yan uwa mazauna zangunan Yamai da Bamako, a saurari sanarwar hukumomi. Idan labari bai yi daɗi ba, wanda yake da hali ya hau jirgi zuwa Dakar, daga can Kaulaha ba ta kai kilomita 200 ba. Wanda ba shi da hali ya dakata, niyyarsa tana wurin Allah. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Takardu da guzuri

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka wajibi ne a tabbatar da ƙa'idar kowace iyaka kafin a tashi. Kowane fasinja, har yara, ya riƙe fasfo mai sauran wa'adi da katin allurar rigakafin cutar shawara. Direba ya tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da cikakkun takardun mota, da inshorar da ke aiki a ƙasashen da za a ratsa, sannan ya karɓi takardar shigar da mota daga jami'an kwastan a kowace iyaka.

Wani sauƙi shi ne ƙasashen huɗu duk kuɗin sefa suke amfani da shi, canji ɗaya ya wadatar. A raba kuɗin a hannun mutum biyu ko uku amintattu, a ware na dawowa daban. Hausa tana yi wa matafiyi aiki har Yamai. Bayan nan sai Faransanci a shingayen jami'ai, da Jula da Bambara da Wolof a kasuwa, don haka ayari yana bukatar ko da mutum ɗaya mai jin Faransanci. A tafi da direba biyu, da tayar safaya biyu, da gidan sauro da maganin zazzaɓi, kuma a ƙudurta cewa inda Magariba ta riski mota a gari, nan za a kwana.

Sunna ta koyar da cewa mutum uku ma idan suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. A zaɓi shugaban tun a gida, a amince masa da yanke shawarar tsayawa, ko ma juyawa idan hanya ta ɓaci.

Sallar matafiyi

Ɗalibanmu da suka karanta Risala sun san nisan ƙasaru: baridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Tunda nisan da aka nufa ya zarce haka nesa ba kusa ba, ƙasaru yana farawa da zarar mota ta bar gidajen Sanyinna a baya. Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Wanda ya isa Kaulaha da niyyar zaman cikakkun kwana huɗu ya cika sallarsa, haka wanda ya bi limami mazaunin gari.

An yi rangwamen haɗa salloli biyu a tafiyar ƙasa. Idan rana ta yi zawali ana zango, kuma an san ba za a sake sauka ba sai bayan faɗuwarta, a haɗa Azahar da La'asar kafin a tashi. Farilla ba a yin ta a kujerar mota sai bisa larura, don haka a shirya da direba wuraren tsayawa tun da safe. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, kuma idan ruwa ya yanke akwai taimama. A lura kuma da agogo: da an shiga Burkina Faso yana komawa baya da awa ɗaya, kuma ana ƙara yin yamma rana tana ƙara jinkirin faɗuwa. Jadawalin sallar Sakkwato ba ya aiki a Kayes.

Waɗanda aka bari a gida

Tarihi ya nuna cewa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin ya wuce Makka, shi kuwa ya juyo gida saboda bai samu izinin mahaifinsa ba. Bai taɓa samun zuwa Hajji ba har ya rasu a 1817, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Ɗalibin da ke shirin shiga mota ba da yardar iyayensa ba ya tsaya ya yi nazarin wannan.

Magidanci kuma ya dubi gidansa. Watan Agusta lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, gero bai shigo ba, gona tana neman hannu. Ciyar da iyali wajibi ne, ziyara kuwa neman lada ce, ba a sayar da abincin gida domin kuɗin mota. A bar wa iyali abin da zai ishe su har da ƙarin mako guda, domin mota tana lalacewa, gada tana yankewa. A biya bashin da lokacinsa ya yi ko a nemi uzurin mai shi, a rubuta wasiyya, a bar sunayen fasinjoji da lambobin wayarsu a hannun liman ko mai unguwa. Mace ta yi tafiyar da mijinta ko muharraminta, yara kuma a lissafa ranar komawarsu makaranta a Satumba.

Idan an cika waɗannan, aka yi istihara, aka yi sallama da dangi, sai a dogara ga Allah a kama hanya. Muna roƙon Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu cikin aminci. Amin.