Kati biyun farko a wasan poka: wanne za ka riƙe, wanne za ka yar?

A wasan poka irin na Texas Hold'em, wanda ake buga babbar gasarsa a Las Vegas ta Amurka tun farkon shekarun 1970, kati biyu ake raba wa kowa a kife, daga baya a baje guda biyar a tsakiyar tebur, kowa ya haɗa da nasa. Zuba kuɗi a kai caca ce, kowa ya san hukuncinta a wurinmu. Lissafin da ke cikin wasan shi ya ja hankalina, kuma lissafin yana farawa ne tun daga lokacin da mutum ya ɗaga gefen katinsa ya leƙa.

Kati 52 suna ba da haɗi 1,326 na bibbiyu, amma idan aka tace su, iri 169 ne kawai. Mafi yawansu tarkace ne. Wannan shi ne abin da sabon shiga ya fi kasa haɗiyewa, domin gani yake tunda an raba masa, dole ya buga. Gwanaye kuwa sukan yar da kusan huɗu a cikin biyar tun ba a buɗe komai ba.

Tagwaye su ne kan gaba, wato kati biyu masu lamba ɗaya, kuma sau ɗaya a rabo 17 suke zuwa. Tagwayen katin A, da babu kamarsu, sai sau ɗaya a 221. Ko su ɗin ma ba tabbas ba ne: idan suka kara da mutum ɗaya mai kowane irin kati, kusan kashi 85 cikin 100 suke ci. Ƙananan tagwaye irin 4 da 4 amfaninsu ɗaya ne, na uku ya fito a katin ukun farko da aka baje, abin da ke faruwa kusan sau ɗaya a takwas. In bai fito ba, ka haƙura.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne katin da ke da kyau a ido. Ka ɗaga ka ga A da 7, zuciyarka ta yi fari. An baje kati uku, ga A a ciki, sai ka gyara zama. Ashe na kusa da kai A da K yake riƙe. Dukanku kun haɗa A biyu, amma K ɗinsa ya danne 7 ɗinka, kuma ba za ka gane ba sai ka gama zubawa. A irin wannan karo, mai A da K yana ci kusan sau uku a huɗu. Haka K da 9 ko Q da 8 suke. Don haka kar ka tsaya kan babban katinka kaɗai, dubi abokin tafiyarsa. A ganina wannan ya fi duk wani jadawali da za a ba ka ka haddace.

Kati biyu masu zane iri ɗaya suna ƙara ƙarfi, amma kaɗan ne. Cika biyar masu zane ɗaya bai wuce sau shida ko bakwai a ɗari ba. Masu bin juna kamar 9 da 8 sun fi na warwatse. Shi ya sa ake ɗaukar 7 da 2 masu zane daban a matsayin mafi muni.

Sai wurin zama. A tebur mai mutum tara, wanda zai fara magana bai san abin da mutum takwas da ke bayansa suka riƙe ba, dole ya tsananta zaɓe. Na ƙarshe ya riga ya ga wanda ya ƙara da wanda ya janye, don haka K da 10 da ya kamata a yar a kujerar farko suna iya buguwa a ta ƙarshe.

Za a ce maka ai Doyle Brunson ya ci gasar duniya a 1976 da 1977 da 10 da 2. Gaskiya ne, har ana kiran haɗin da sunansa. Amma duka biyun a karon ƙarshe ne, saura shi da mutum ɗaya a tebur, inda kusan kowane kati yake da daraja. A tebur mai mutum tara, 10 da 2 na yarwa ne.