Wasannin da Google ya ɓoye a shafinsa, da abin da suke nuna wa mutanen Kudancin Kaduna

Mafi yawan masu amfani da shafin matambayi ba ya ɓata na Google sun ɗauke shi tamkar ma'aikacin ofis marar fara'a: ka yi tambaya, ya miƙo amsa, kowa ya kama gabansa. Sai dai injiniyoyin da suka gina shi sun daɗe suna cusa ƴan wasanni da barkwanci a lungunansa, waɗanda ba sa bayyana sai an rubuta wata kalma ta musamman. Ga ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan, ko ɗan kasuwar citta a Kachia, sanin waɗannan abubuwa ya wuce nishaɗi, domin suna nuna su wane ne suka gina injin, da iyakar abin da ya sani game da yankinsu.

Asalin al'adar ɓoye wasa

Masu harkar kwamfuta suna kiran irin wannan ɓoyayyen abu "ƙwan Ista". Sunan ya samo asali ne daga al'adar Turai da Amurka, inda iyaye ke ɓoye ƙwai masu launi a lokacin bikin Ista, yara su yi ta nema. Misalin da aka fi ambata a tarihin abin shi ne na wasan bidiyo mai suna Adventure, wanda kamfanin Atari ya fitar a shekarar 1980. A wancan zamani kamfanin ba ya sanya sunayen masu rubuta wasanninsa, don haka Warren Robinett, wanda ya rubuta wasan, ya gina wani ɓoyayyen ɗaki a ciki ya ajiye sunansa, sai mai naci ne zai kai wurin.

Shi kuwa Google da wasan aka haife shi. A ranar 30 ga Agustan 1998, kwanaki kaɗan kafin a yi wa kamfanin rajista, Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa shi, sun zana ɗan mutum-mutumi a bayan harafin "o" na biyu a tambarin shafin. Manufarsu ita ce sanar da jama'a cewa ba sa nan, sun tafi wani biki da ake kira Burning Man a hamadar jihar Nevada. Daga nan aka samu al'adar sauya tambarin Google don tunawa da wani mutum ko wata rana.

Waɗanda za a iya gwadawa

Idan aka rubuta "do a barrel roll" a gurbin bincike, shafin baki ɗaya zai juya ya zagayo sau ɗaya sannan ya tsaya. An fito da wannan a 2011, kuma an ɗauko maganar ne daga wani wasan jiragen yaƙi na kamfanin Nintendo. Idan aka rubuta "askew", wato karkatacce, sai shafin ya ɗan karkace gefe guda, har wanda bai sani ba ya yi zaton fuskar wayarsa ce ta lalace.

Akwai kuma barkwancin da sai masu ilimin lissafi ke ganewa. Kalmar "recursion" tana nufin aikin da ke komawa ya kira kansa. Duk wanda ya neme ta, Google zai tambaye shi ko kalmar "recursion" yake nufi, kamar dai ya yi kuskuren rubutu. In ya latsa gyaran, sai a sake yi masa tambayar, haka za a yi ta zagayawa. Wanda kuma ya tambayi injin da Turanci amsar rayuwa da duniya da komai da komai, na'urar lissafin shafin za ta ba shi lamba 42, wadda aka ɗauko daga wani littafin barkwanci na marubucin Ingila Douglas Adams da ya fito a 1979.

Wasu kuwa wasanni ne sosai. A watan Mayun 2010 Google ya mayar da tambarinsa filin wasan Pac-Man don cikar wasan shekara 30, kuma har yanzu ana samun sa idan aka nemi sunan. Rubuta "flip a coin" na jefa kwabo sama don raba gardama, "roll a die" kuma na jefa ɗan ludo. Sai dai ba dukansu ke dawwama ba. A 2019 akwai wani da ke goge rabin sakamakon bincike don tallata wani fim na Amurka, amma tuni aka cire shi.

Dabbar da ke zuwa idan sabis ya ɗauke

A cikinsu duka babu wanda ya fi kusa da rayuwar mutanen karkara kamar wasan dainaso na manhajar Chrome. Idan intanet ya yanke, shafin kan nuna hoton wannan dabba mai kama da ƙaton ƙadangare, wadda ta ƙare a doron ƙasa tun miliyoyin shekaru. Da yawa kan ga hoton su rufe waya cikin takaici. Amma da za a taɓa dabbar da yatsa, ko a danna dogon maɓallin ƙasa a kwamfuta, sai ta kama gudu a cikin hamada, ana sa ta tsallake tsirrai masu ƙaya da tsuntsayen da ke tahowa.

An saka wasan a Chrome a shekarar 2014. Zolayar da ke cikinsa ita ce, rashin intanet tamkar komawa zamanin da babu ɗan Adam ne. Ba ya cin data ko kaɗan, saboda yana cikin manhajar tun asali. A 2018 waɗanda suka ƙirƙiro shi sun ce ana buga shi sau miliyan 270 a kowane wata, kuma mafi yawan masu bugawar suna ƙasashen da data ke da tsada ko sabis ke yawan yankewa, irin su Indiya da Brazil da Mexico da Indonesiya.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a Kudancin Kaduna, kuma mutanen yankin ba su zauna jiran a kawo musu magani daga nesa ba. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a unguwar Bayan Loco da ke Kafanchan tun lokacin da intanet ke da wuyar samu ko a manyan birane. Cibiyar ta lashe lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka a 2001, daga baya kuma gidauniyar ta kafa Zittnet, hanyar intanet marar waya ta al'umma.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Mai lura zai ga cewa kusan duk mabuɗan waɗannan wasanni kalmomin Turanci ne, barkwancin kuma daga finafinai da littattafai da wasannin da injiniyoyin suka tashi da su aka ɗebo shi. Wannan ba laifi ba ne, amma yana tuna wa mai bincike cewa mutane ne ke bayan injin, kuma ya fi sanin abin da aka fi rubutawa.

Misalai biyu daga yankin sun isa. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, wanda sunansa ya zagaya duniya saboda mutum-mutumin yumɓu masu shekaru fiye da 2,000 da aka fara tonowa a can a 1928. Amma haruffan NOK su ne alamar kuɗin ƙasar Norway, kuma su ne alamar hannun jarin kamfanin Nokia a kasuwar New York. Wanda ya rubuta kalmar ita kaɗai na iya tsintar kansa a teburin canjin kuɗi maimakon gidan tarihi. Haka ma citta, amfanin gonar da Kachia da Jaba da Kagarko suka yi suna a kansa: a harshen Italiya kalma mai irin wannan rubutu na nufin birni, don haka manomin da ke neman farashi na iya cin karo da hotunan biranen Turai.

Maganin wannan yana da sauƙi. A ƙara kalmar da za ta fayyace nufi, kamar "Nok Kaduna" ko "farashin citta Kachia". Sanya jimla a tsakanin alamun zance na tilasta wa injin neman ta yadda aka rubuta ta. Sanya alamar ragi a jikin farkon kalma kuma na cire sakamakon da ke ɗauke da ita. Yana da kyau kuma a gwada rubutu iri biyu, da ƙugiya da kuma ba ƙugiya, domin shafukan Hausa da yawa ba sa amfani da ƙ da ɗ da ɓ.

Najeriya ba ta rasa nata kaso a zanen tambarin ba. Google ya karrama marubuci Chinua Achebe a ranar 16 ga Nuwamban 2017, da Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta taka rawa wajen daƙile cutar Ebola a Legas, a watan Oktoban 2018. A watan Maris na 2022 kuma aka karrama Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane ƴar ƙabilar Gbagyi da hotonta ke jikin takardar naira 20. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google tun Disamban 2013.

Ƙananan harsuna kuwa sai masu su sun tashi tsaye. A 2022 aka buɗe Wikipedia da harshen Tyap, wanda ake yi a Zangon Kataf da kewaye, sakamakon aikin sa kai na masu jin harshen. Injin bincike ba ya ƙirƙirar ilimi, abin da mutane suka rubuta yake tattarowa. Duk bayanin da aka wallafa a kan bikin Afan na Kagoro, ko magangarar ruwa ta Matsirga, ko tarihin mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan, shi ne abin da mai bincike na gobe zai tarar.

Hattara da jabu

Shaharar waɗannan wasanni ta sa wasu shafuka da ba na Google ba suna kwaikwayon tambarinsa. Wasu don nishaɗi kawai suke yi, suna adana tsofaffin wasannin da aka cire. Wasu kuwa tarko ne, musamman saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da sunan wai wani kamfani na rabon data ko kuɗi kyauta.

Wasan Google na gaskiya a cikin shafin bincike ko manhajar Chrome yake fitowa. Ba ya neman kalmar sirri, ko lambar BVN ko NIN, ko lambar katin cirar kuɗi, kuma ba ya cewa sai an tura saƙo ga mutum goma kafin ya buɗe. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, a rufe shi nan take, a kuma gargaɗi wanda ya turo shi.