Almakashi Kafin Kwalliya: Abin Da Mai Koyon Tace Bidiyo Zai Fara Riƙewa

Duk wanda ya sauke CapCut ko InShot ko KineMaster a wayarsa, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne tarin kayan ado: rubutu mai tsalle, hoto mai juyi, walƙiya tsakanin wannan ɗauka da waccan. Shi ya sa bidiyon ɗan koyo yakan fito kamar ɗakin amaryar da aka cika da jere har babu wurin zama. A ganina ƙashin bayan tace bidiyo shi ne yanka, wato sanin abin da za a zubar da kuma daidai inda almakashi zai faɗa. Wanda ya iya wannan ya riga ya ci rabin sana'ar, ko da wayarsa ta sha jiki.

Wajen shekarar 1920, wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna fara'a ko damuwa ba, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawar yarinya a akwati, sannan da wata mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka ga yunwa a karon farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku, alhali fuskar ba ta canza ba. Ke nan ma'ana tana fitowa ne daga abin da aka jera kusa da wani. Game da zubarwa kuwa, Walter Murch, ɗaya daga cikin waɗanda suka tace fim ɗin Amurka mai suna Apocalypse Now na 1979, ya ce an ɗauki kimanin sa'o'i 230, amma abin da ya isa sinima bai wuce awa biyu da rabi ba. Kusan duk minti ɗaya da aka gani, an zubar da minti 95.

To, ta ina ɗan koyo zai kama? Ya fara da kallon duk abin da ya ɗauka kafin ya taɓa komai, ya ware masu kyau. Sai ya jera su yadda labarin zai tafi, ba kiɗa ba rubutu. Daga nan ya bi kowace ɗauka ya datse kanta da jelarta, domin a nan ne gyaran murya da laluben maɓallin kyamara suke maƙalewa. Idan zai sauya daga hoton nesa zuwa na kusa, ya yanka a tsakiyar motsi: mutum ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, sai hoto na gaba ya nuna hannun a kan mariƙi. Ido yana bin motsin, ba ya lura da ɗinkin. Idan kuma ya cire wani yanki daga tsakiyar maganar mutum, kan mai maganar zai yi zillo. Maganinsa a rufe wurin da wani hoto, misali hannun tela a kan keke yayin da muryarsa take ci gaba. Akwai kuma dabarar da ƙwararru suke yawan yi, 'yan koyo kuwa ba su cika sani ba: a bar sautin fage na gaba ya shigo daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin hotonsa. Kunne ya riga ido isa, sauyin sai ya zo da laushi.

Sauti ma yanka yake so. Mutane za su jure hoto mai ɗan duhu, amma da wuya su jure muryar da kiɗa ya danne. A sauke kiɗan ƙasa sosai duk inda ake magana, a saurara da abin kunne, a sake saurara da lasifikar waya, tunda da ita yawancin mutane za su ji. A kuma yi hattara da waƙar wani, don YouTube yana da tsarin gano haƙƙin mallaka tun 2007, kuma yana iya toshe bidiyon ko ya mayar da kuɗin talla ga mai waƙar.

Wani zai ce zamani ya canza, ɗan TikTok ba shi da haƙuri, sai da walƙiya ake tsayar da shi. Rashin haƙurin gaskiya ne, sai dai yana goyon bayan almakashi. Abin da ke sa yatsa ya ture bidiyo shi ne daƙiƙun farko da aka ɓata ana kame-kame, kuma babu adon da zai ceci wannan. Wani kuma zai ce sai da babbar kwamfuta da manhaja mai tsada. Murch ɗin nan ya tace fim ɗin Cold Mountain a 2003 da Final Cut Pro, manhajar da kowa zai iya saye a lokacin, har aikin ya shiga takarar Oscar. Yau ma DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa yawan yanka yana mayar da komai gaggawa, ya kashe natsuwar magana. Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya, musamman a hira da dattijo ko malami, inda gaisuwa da jinkiri suke cikin mutuncin zance. A littafinsa In the Blink of an Eye, Murch ya jera abubuwa shida da ake aunawa kafin a yanka, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, fiye da sauran biyar a haɗe. Saboda haka shirun da uwa ta yi kafin ta ambaci sunan ɗanta da ya rasu ba abin zubarwa ba ne. Shirun wanda ya manta abin da zai faɗa shi ne na kwandon shara. Manhajar da ke cire shiru da kanta ba ta bambance su.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga rubutu da gyaran launi, su ma daidai misali. Girman allo kuwa tun farko ake zaɓarsa: 9:16 a tsaye don TikTok da sitatus na WhatsApp, 16:9 a kwance don YouTube. A fitar da aikin a 1080p, a ajiye ainihin fayil ɗin a waya ko kwamfuta, domin WhatsApp yana matse bidiyo idan aka tura shi kai tsaye, sai dai in an aika shi a matsayin dokumen.