Mercedes-Benz 190: Ƙaramar Motar Alfarma da Lissafin Riƙe Ta a Najeriya

Fiye da shekara 30 ke nan da kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya daina ƙera motar nan samfurin 190, amma har yanzu ana cin karo da ita a titunan Legas, Onitsha, Kaduna da Kano. Tarihin wannan mota yana da darasi ga duk mai shirin sayen motar alfarma, domin kuɗin da ake miƙa wa dillali somin-taɓi ne kawai.

Kamfanin ya fito da motar ne a watan Disamba na 1982. Kafin wannan lokaci manyan motoci ya fi ƙerawa, sai dai tsadar man fetur da ta biyo bayan rikicin 1973, da kuma dokar tsimin mai da Amurka ta kafa a 1975, sun tilasta masa neman mota mara nauyi. Bugu da ƙari, abokin hamayyarsa BMW ya riga ya kama kasuwar matasa masu hannu da shuni da samfurin 3 Series tun 1975.

Ta fuskar ƙarfi, motar ta zo hawa-hawa. Ta farko mai injin lita 2 tana da ƙarfin doki 90, yayin da 190E take da doki 122, tana kuma kaiwa kilomita 195 a awa guda. Mafi shahara ita ce 190E 2.3-16 mai doki 185, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya taimaka wajen ƙera kan injinta. A watan Agusta na 1983, a filin gwaji na Nardo da ke Italiya, irin wannan mota ta yi tafiyar kilomita 50,000 cikin kimanin awa 201, watau gudun da ya kusa kilomita 248 a kowace awa. Shekara guda bayan haka, direban tsere ɗan ƙasar Brazil, Ayrton Senna, ya lashe gasar buɗe sabon filin Nurburgring a cikinta.

Farashinta kuwa bai yi daidai da ƙanƙantarta ba. A Jamus an fara sayar da mafi araha a kan sama da mark 25,000, ita kuwa 2.3-16 ta kai kusan ninki biyu na wannan kuɗi. Dalili shi ne kamfanin ya zuba mata ƙarfe da aiki irin na manyan motocinsa, musamman tsarin ƙafafun baya mai sanduna biyar a kowace taya, wanda ke sa ta riƙe hanya a kan kwana. Duk da tsadar, an ƙera kimanin miliyan 1.8 kafin samfurin C-Class ya gaje ta a 1993.

Wannan yawa shi ne ya buɗe mata ƙofar Najeriya. Bayan da gwamnati ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, har da Peugeot da ake harhaɗawa a Kaduna. Sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo, ana shigo da su ta tashar Apapa da ta Kwatano. Da yake an ƙera 190 da yawa, kayan gyaranta na gwanjo sun wadata a Ladipo ta Legas, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano.

A nan ne batun ƙarko ya shigo. Injin 190 ba shi da tarkacen na'urorin kwamfuta, don haka bakanike na bakin hanya yana iya kwance shi ya ɗaura. Mai injin dizal, 190D, ba ta da gudu, amma juriyarta ta sa aka yi tasi da ita a Jamus, daga baya kuma ta cika titunan Muritaniya. Ba a ce ba ta da aibu ba. Na'urar fesa mai ta Bosch da ke cikin 190E tana buƙatar gwani, kuma gurɓataccen fetur yana saurin toshe ta. Robobin ƙafafun baya ma suna gajiya a kan hanya mai ramuka.

Magadanta sun fi ta jin daɗin zama, amma sun zo da nasu matsalolin. A C-Class na farko-farko, rufin wayoyin injin yakan farfashe saboda zafi, samfurin da ya fito a 2000 kuma ya yi ƙaurin suna wajen tsatsa da lalurar lantarki. A motocin alfarma na baya-bayan nan, gano inda matsala take kan buƙaci na'urar bincike, gyaran kuma sau da yawa sauya kaya ne ɗungurungum da wanda aka sayo da dala.

Lissafin ya ƙara tsanani a 'yan shekarun nan. Daga watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. A 2024 kuma dala ɗaya ta haura naira 1,500, abin da ya taɓa harajin kwastam da farashin kowane ƙarfe da ake shigowa da shi.

Saboda haka, mai neman irin wannan mota, ko Mercedes ce, ko BMW, ko Lexus IS, yana da tambayoyi uku kafin ya taya: lita nawa take sha, akwai kayanta a kasuwar garinsu, kuma wane bakanike ne ya san cikinta? Motar da ta yi araha a wurin dillali amma ta rasa amsar waɗannan tambayoyi, ƙarshenta zaman gareji, kuma ranar sayarwa mai ita zai gane cewa araha ba ta ado.